Kwamfutar da Ba Ta da Aibi

Litinin, 7 ga Afrilu

Yau kamfanin da ya ƙera kwamfutata ya yi mana sallama, kuma da murmushi ya yi ta. Ishmael mai gyara ne ya leƙo shagona da waya a hannu, ya ce, "Babagana, ka ga wannan?" Wani mutum ne a kan dandamali, hannu a aljihu, yana bayanin cewa daga bana sun canza ƙwaƙwalwar da suke sa wa kwamfutocinsu. Sabuwa fil. Ta fi sauri, ba ta ɗaukar zafi, ba ta shan batir. Jama'a sai tafi suke yi. Na tambayi Ishmael, to mu masu tsohuwar fa? Ya ce an ambace mu sau ɗaya: za a ci gaba da kula da mu "na wani lokaci". Haka likita ya ce mana a kan babana.

Dab da azumi na sayi tawa. Matata Fanna ko gama ɗinka mata riga ba ta yi ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Zauren masu studiyo na waya ya kama da wuta tun safe. Hamisu mai hoton makarantu ya rantse ko igiyar caji ba zai ƙara saya a wurin kamfanin ba. Wani ya ce mu rubuta koke mu sa hannu. A kai wa wa? Sun ma san akwai wani gari Maiduguri? Wani ya turo hoton tasa da tumatir da wuƙa a kai, wai ta samu sabon aiki a kicin. An yi ta dariya. Ni ban yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mu muka yi musu talla kyauta. Shekara da shekaru muna tsokanar masu sauran kwamfutoci, muna cewa irin tamu ba ta tsufa. Ni da bakina na sha faɗa, har da buga tebur.

Abdulwahab, abokina da ya sayar mini da tawa, bai tofa komai a zauren ba. Shi da ba a raba shi da surutu.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na goge ta yau, na tace bidiyon bikin mutanen Bulabulin a kanta. Ko gezau ba ta yi ba. Wannan shi ne abin haushin: lafiyarta lau.

Ina aikin ina tuna ranar da na saye ta. A layinmu na Fezzan muna da ƙa'ida tun zamanin kaset. In za ka sayar wa ɗan layi kayan aiki, kafin a ambaci kuɗi sai ka ɗora hannu a kan kayan, gaban shaida, ka faɗi duk aibin da ka sani, kome ƙanƙantarsa. Marigayi maigidanmu, wanda ya koya wa rabinmu riƙe kyamara, shi ya kafa ta. Ban taɓa jin wanda ya karya ba.

Abdulwahab ya ɗora hannu, Ishmael yana tsaye. Ya ce kusurwar hagu ta lotsa. Ya ce fankarta tana ƙara in aiki ya yi nauyi. Ya ce akwai maɓalli ɗaya da ke maƙalewa sai an danna da ƙarfi. "Ban da waɗannan, ban san mata komai ba." Na ce a raina, mutumin da ya faɗi har maɓalli, me ya rage? Ballantana Abdulwahab, wanda muka tashi tare a Mafoni muna jan wayar fitila a wuraren biki, ana ba mu ragowar shinkafa a kwano ɗaya.

Na sayar da kyamarata ta biyu. Bai isa ba, Fanna ta ƙara da ragunanta da take kiwo saboda Babbar Sallah. Ba ni na roƙe ta ba. Ita ta ce, Baban Inno, ka sayi abin da zai daɗe.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Bayan masallaci na ga cincirindo a shagon Abdulwahab. Sabuwar ce, a kan teburinsa. A garin nan kaf ban ji wanda ya samu ba, a Kano ma an ce sai an jira. Hamisu mai rantsuwa shi ne a gaba, yana shafa ta yana cewa masha Allah.

Na yi masa Allah sanya alheri. Ya amsa yana kallon allo.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ishmael bai yi niyyar faɗa ba, suɓutar baki ce. Muna shan shayi ya ce ai ƙanen Abdulwahab da ke Dubai tun kafin ƙarshen shekara ya sa masa suna a layin masu jira. Na ce kafin ƙarshen wace shekara? Sai ya shiga juya cokali a kofin da babu sauran sukari. Daga baya ya ce shi ma jiya ya ji, kuma da ya sani da bai tsaya shaida ba. Na yarda da shi. Ishmael ko farashin kayan gyaran da ya saya ba ya iya ɓoyewa.

Ke nan ranar da ya ɗora hannu, ya sani.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Ban buɗe shago ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Na sami Abdulwahab bayan la'asar, shi kaɗai. Na shirya maganganu tun daga gida, amma da na gan shi duk suka watse. Abin da nake iya tunawa:

"Ta taɓa mutuwa a hannunka? Ta taɓa cinye maka aiki?"

Na ce a'a.

"To wane aibi? Jita-jita na ji, Babagana. Ana ɗora hannu a kan jita-jita?"

Na ce jita-jitar da ta isa ta sa ka sayar, ta isa ka faɗa.

Ya ce shi ma iyali gare shi. Ya ce da ban saya ba wani zai saya. Na ce to da ka sayar wa wanin. Sai ya ce, kuma wannan ce ta fi zafi, wai ya ga gara ta zauna hannun wanda ya san darajarta. Har da cewa in aiki ya matse ni in riƙa zuwa ina yi a kan tasa, ƙofa a buɗe take.

Kamfanin can ba su san fuskata ba, ba su ci abinci a gidanmu ba. In sun yar da ni, lamba suka yar. Shi kuwa shi ya riƙe 'yata Inno ranar suna kafin ni.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Na tsaya wurin Malam Ridwan, limamin masallacin layi, bayan an watse. Ban ambaci suna ba, ko da yake garin nan ba a buƙatar ambata. Na ce, Malam, kaya ne lafiyarsa lau, amma mai shi ya san masu ƙera shi za su juya masa baya. Aibi ne ko ba aibi ba?

Ya daɗe yana gyara zaman hularsa. Ya ce littattafan da ya karanta sun yi maganar dabba mai ɗingishi da hatsin da aka jiƙa, ba su yi maganar irin wannan ba. Sannan ya ce, "Da ka sani, da ka saya a yadda ka saya?" Na ce wallahi a'a. Ya ce, "To ka ba kanka amsa. Duk abin da mai sayarwa ya sani, ya kuma san zai sauya ran mai saye, ɓoye shi ba ya halatta. Alƙalin nan da wuya ya warware muku cinikin. Amma ba shi kaɗai ne alƙali ba."

Na fito kamar an ba ni kyautar mota. Na faɗa wa Ishmael, na faɗa wa Hamisu, na faɗa wa mai shayi wanda bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba. Da na isa gida na maimaita wa Fanna kalma bayan kalma. Ta ce, to Malam ya ce za a dawo da ragunan? Tsokana take yi, amma ta shige ni.

Laraba, 7 ga Mayu

Ga ranar da nake tsoro ta zo da wuri. Hajiya Najiba mai shirya bukukuwa, wadda rabin abincin gidana daga wurinta yake fitowa, ta aiko da babban aiki. Biki ne na kwana da kwanaki, an raba mana tacewa: wani ya ɗauki ɗaurin aure, wani liyafa, ni aka ba ni wushe-wushe, daren kiɗan tarbar ango, don ta san na iya bin kiɗan ganga da hoto. Wanda ya fara haɗa aikin a sabuwar manhaja ya yi. Na danna, aka ce ba zai buɗe ba sai na sabunta tawa. Na je sabuntawa, aka ce na'urata ba ta cikin waɗanda sabuwar ke hawa. Da ladabi suka rubuta, har da ban haƙuri.

Ishmael ya yini a kanta. Ya cire, ya sa, ya yi dabarun da ya sani da waɗanda bai sani ba. A ƙarshe ya ce, ba gyara take so ba, ai ba ta lalace ba, yare ne aka canza ba a koya mata ba.

Na kira Hajiya. Ta ce, "Babagana, ka san ba ni da matsala da aikinka. In ka shirya ka neme ni." Ban tambayi wanda za ta ba ba. Da yamma na ji gangar wushe-wushe tana tashi daga shagon Abdulwahab, yana mayar da wuri ɗaya yana sakewa. Kuma a kan kuskure yake yankawa, ina ji daga nan.

Litinin, 12 ga Mayu

Lissafin a fili yake. Ba zan iya sayen sabuwa ba sai na sayar da wannan da daraja. Duk wanda ya san labari ba zai saye ta da daraja ba. Saura waɗanda ba su sani ba.

Na rubuta wannan ne don in gani da idona, ba don komai ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Wani mai shagon hoto daga Damaturu ya zo, ya ji ina da ta sayarwa. Ya duba, ta burge shi, har ya fara taɓa aljihu. Na ɗora hannu. Na faɗi kusurwa, na faɗi fanka, na faɗi maɓalli. Sannan na faɗi babban, dalla-dalla, har na nuna masa saƙon ban haƙurin. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce irina sun yi ƙaranci a duniya. Ya tafi da kuɗinsa.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na so a ce Abdulwahab yana wurin. Daɗin ya raka ni har bakin titi, inda na tsaya ina tunanin ko in hau keke ko in taka.

Alhamis, 29 ga Mayu

Mutum na biyu, godiya ta biyu. Wannan har lambata ya karɓa, wai in ya tashi sayen kaya zai riƙa neman shawarata.

Zauren waya ya yi tsit a kan maganar. Masu rantsuwa duk sun koma tambayar wa ke zuwa Dubai. Hamisu ya kai tasa kasuwar wani gari ya rabu da ita, bai ce ga wanda ya saya ba, ba wanda ya tambaya. Ni kaɗai na rage ina maimaita abin da Malam ya ce, kuma na lura in na fara sai mutane su tuna suna da kira.

Aikin da ke shigo mini yanzu: bikin suna, saukar karatu, da hoton fasfo.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Sallah. Turken ragunan Fanna babu komai sai igiya. Inno ta tambaya sau ɗaya, uwarta ta harare ta, ba ta sake ba.

Yau matar Abdulwahab ta aiko da cinya guda, kamar kowace shekara. Na ce a mayar. Fanna ta dube ni, ta ce, Baban Inno, rigimarku daban, tukunyata daban. Ta soya. Na ci burabusko da miya zalla, na ce naman bai yi mini ba. Ƙamshin bai bar ni na yi barcin rana ba.

Ba ta taɓa yi mini gorin ragunan nan ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 16 ga Yuni

Malama Margaret ta zo shago. Tsohuwar shugabar makaranta ce a Bulabulin, ni na ɗauki bikin babbar 'yarta shekarun baya, kuma tun lokacin in mun haɗu sai ta tsaya ta tambayi Inno. Ta yi ritaya, an biya ta haƙƙinta. Autarta Ketura ta gama karatu, tana Biu wurin kakarta har ƙarshen wata, kuma ta ƙwallafa rai a kan tace bidiyo. Wani studiyo a hanyar Damboa ya yi mata alkawarin gurbi in ta zo da kwamfutarta. Malama tana so yarinyar ta dawo ta tarar da ita a kan gado.

"Ɗana, ni ban san komai a kan waɗannan abubuwan ba. Shi ya sa ban je kasuwa ba, na zo wurinka."

Idonta ya sauka a kan tawa, cikin rigar da Fanna ta ɗinka. Ta ce wannan fa, mai kyau ce? Na ce mai kyau ce. Ta ce za ka sayar? Na ce ku dawo ran Alhamis, Mama.

Na san studiyon hanyar Damboa. Suna cikin masu yi wa Hajiya Najiba aiki.

Talata, 17 ga Yuni

Mai koyo ai ba da babban aiki take farawa ba. Kafin ta kai ga inda za ta buƙaci sabuwar manhaja, an yi wata da watanni. Wataƙila ma ta fasa sana'ar, yaran yanzu haka suke. Kuma ko ba tacewa, za ta yi rubutu, za ta yi kallo.

Sannan ƙa'idar maigida ta 'yan layi ce. Malama ba 'yar layi ba ce.

Na karanta abin da na rubuta. Zafi ake yi sosai, hadari ya haɗu ya watse.

Laraba, 18 ga Yuni

Na ce wa Fanna akwai mai saye. Ta ce wa? Na ce wata mata. Ta ce ta san labarin? Na ce zan faɗa mata aibinta. Ta ci gaba da tsince shinkafa.

Ishmael ya tafi Kano sayen kayan gyara, sai Asabar. Ba ni na aike shi ba.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ta zo da hantsi, da jakarta a ƙirji.

Na ɗora hannu, ko da yake ba dole. Na nuna mata kusurwar da ta lotsa. Na kunna aiki mai nauyi don ta ji ƙarar fanka da kunnenta. Na sa ta danna maɓallin da kanta. Na nuna wani ɗan ƙarce a ƙasa wanda ni ma sai yau na gan shi. Na nuna inda na naɗe igiyar caji da salatif. Na ce batirin ba kamar sabo ba. Na ce lasifikar dama ta fi ta hagu ƙarfi kaɗan. Ina ta lalubo su, ban san na iya lalube haka ba, har ta yi dariya ta ce, "Ya isa, ɗana, za ka sa in fasa. Ban taɓa ganin mai sayarwa yana kushe kayansa haka ba."

Sai ta ce, "Amma za ta yi wa Ketura aikin da take so?"

Na ce da ita nake ciyar da gidana.

Ba ta nemi ragi ba. Na rage mata da kaina, ta ƙi, sai da na matsa. Ta yi mini addu'a irin tasu, doguwa, ta sa Fanna da Inno a ciki, ta roƙa wa shagon nan albarka. Na ce amin. Na ba ta har da rigar. Na ɗaukar mata zuwa bakin titi, na tsayar da keke, ta rungume ta a cinya kamar jaririya. Tana ta ɗaga mini hannu har suka sha kwana.

Duk abin da na faɗa mata gaskiya ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu ƙarya ko ɗaya.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na yi Juma'a a Mafoni. Masallacin can ya fi inuwa.

Alhamis, 3 ga Yuli

Sabuwar ta iso shekaranjiya. Ba laifi. Aikin da tsohuwar ke ɗaukar yini a kai, wannan kafin shayi ya huce ta gama. Shiru kamar ba a kunna ba. Na kira Hajiya, ta ce daidai lokaci, akwai biki mako mai zuwa. Fanna ta zo ta gani, ta ce Allah sanya alheri, ba ta yi maganar ɗinka riga ba. Ishmael ya tambayi wa ya sayi waccan, na ce wata ce daga cikin gari, sai aka kira shi.

Da yamma aka yi ruwa, Abdulwahab ya fake a bakin shagona. Da na bar shi a tsaye, to amma ruwan da yawa. Na ce ya shigo. Ya ja kujera, ya nuna mini inda suka ɓoye abin daidaita launi a sabuwar manhajar, ni kuma na nuna masa yadda ake jiran gangar ta sauka kafin a yanka. Har muka yi dariya a kan Hamisu. Bai tambayi tsohuwar ba.

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara a kan tebur, tsakanina da shi. Malama Margaret. Karo na uku ke nan tun Litinin, Ketura ta dawo. Ya ga sunan, ya ɗago ya dube ni. Sai ya mayar da fuskarsa kan allo, ya ce in ƙara sautin gangar kaɗan.

Na ƙara. A raina na gode masa.